Sunan Kakanka Yana Cikin Littafin Haraji

Ka tare mutum a kasuwar Sheme ko ta 'Yankara ka ce ya jero maka iyayensa. Sunan mahaifi zai fito ba gargada, na kaka ma haka, in ya yi ƙoƙari ya ƙara da uban kakan. Daga nan sai ya ɗaga kai sama ya ce, "Ai mu an ce daga Gobir muka zo," ko "daga Barno," ko kuma "mu Katsinawan asali ne." Gidajen sarauta da na malanta ne ke iya kai salsalarsu nesa, su ma don akwai maroƙa masu tuna musu, ko wata tsohuwar takarda a cikin gafaka. Manomi kuwa da ya wuce kaka na uku sai labari ya tsinke, har ya ɗauka ba a taɓa rubuta sunan wani nasa a ko'ina ba. An rubuta. Wanda ya rubuta ɗin ne ba masoyi ba, malamin haraji ne.

Mutanen Amurka sun daɗe da gano wannan. A can neman asali sana'a ce mai zaman kanta, kuma masu neman kakannin da suka rayu shekara 200 ko fiye da suka wuce ba su da rajistar haihuwa da za su dogara da ita, kamar dai mu. Ƙidayarsu ta farko ta 1790 sunan maigida kaɗai ta ɗauka, takardun jihar Bajiniya na wannan ƙidaya ma sun ɓace, sannan gobarar 1921 ta lalata akasarin na ƙidayar 1890. Sai suka koma ga littattafan haraji na gundumomi, inda ake rubuta magidanta duk shekara tare da dawakinsu da shanunsu. Dabarar mai sauƙi ce. Shekarar da sunan saurayi ya fara bayyana kusa da na ubansa, ka san ya balaga, sai ka ƙiyasta haihuwarsa. Shekarar da sunan dattijo ya ɓace, ko dai ya rasu ko ya yi ƙaura. Takardar cinikin fili tana faɗin maƙwabtan iyaka, takardar wasiyya tana jero 'ya'ya. Baƙaƙen fata ne abin ya fi yi wa wuya, don sai a ƙidayar 1870 aka fara rubuta akasarinsu da sunayensu. Kafin nan sai dai a neme su a lissafin dukiyar iyayengiji, tsakanin dabbobi da kayan ɗaki. Kaɗan ne irin tsohon bawa Mahommah Baquaqua, wanda aka buga tarihinsa a Detroit a 1854, ya samu damar faɗin cewa mahaifiyarsa 'yar Katsina ce.

Mu ma haraji ya riga Turawa zuwa. Sarakuna sun karɓi kuɗin ƙasa, da kuɗin rafi, da kuɗin karofi a hannun marina, da jangali a kan shanu. Abin da Turawa suka kawo bayan sun ci Katsina a 1903 shi ne shigar da harajin cikin rubutu da lissafi. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau a 1906, aka kafa Baitulmali a Katsina tare da Bature Palmer, daga nan tsarin ya bazu zuwa sauran masarautu. An tura hakimai su zauna a ƙasashensu maimakon birni, kowane da malamansa. A Katsina da Kano an yi zamanin malaman taki, masu auna gona da ƙafa su rubuta mai ita da girmanta. Daga baya abin ya tsaya a kan magidanta: kowace shekara a bi unguwa-unguwa, gida-gida, a rubuta maigida da mazan da ke ƙarƙashinsa waɗanda aka ga sun isa riƙe garma. Haka aka yi ta yi har 1979, lokacin da Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta. Kusan shekara 70 ke nan ana rubuta sunan talaka.

Duk wanda ya haura sittin ya san rasit ɗin. 'Yar takarda ce da ba ta kai tafin hannu ba, ɗauke da sunan mutum, garinsu, shekara, da abin da ya biya, fam da sule kafin 1973, naira da kwabo bayan nan. Ana ninke ta a cusa cikin hula ko aljihun 'yar ciki, don mai tafiya cin rani bai san inda ɗan doka zai tare shi ya ce ya nuna ba. In shekara ta juyo sai a jefa tsohuwar cikin gwangwani ko ƙasan adaka, ta haɗu da 'yan'uwanta. Irin wannan gwangwanin, in ka same shi a ɗakin tsohuwa, ya fi maka tafiya ma'ajiyar tarihi ta Kaduna amfani a karon farko. Rasit goma a jere suna iya nuna maka shekarar da kakanka ya bar wani ƙauye ya koma wani, da sunan da hukuma ta san shi da shi, wanda sau da yawa ba shi ne na gida ba.

A nan ne mutane ke tuntuɓe. Sunan yanka daban, sunan da ake kira daban. Wanda aka raɗa wa Muhammadu yana iya ƙare rayuwarsa a matsayin Tanko ko Ɗan'asabe ko Nagoma, matan gida kuma saboda alkunya ba za su taɓa furta sunan yankan ba. A ƙauye ɗaya sai ka samu Audu biyar, uku daga cikinsu 'ya'yan Garba. Shi ya sa suna shi kaɗai ba hujja ba ne, sai ya zo da unguwa, da sana'a, da sunan wanda aka rubuta kafin shi da bayansa, tunda malamin bin gidaje yake yi a jere. A yankin Ƙanƙara da Faskari akwai kuma zuriyar Maguzawa da suka musulunta cikin ƙarnin da ya wuce, suka canja suna, sai mutum ɗaya ya zama kamar mutum biyu a takarda. Kada kuma a manta cewa ba da son rai ake shiga littafin ba. An ɓoye samari a rumbu, an rage musu shekaru, wasu sun tsallaka Tsafe ta ƙasar Sakkwato har guguwar ta wuce, Fulani sun kora shanu daji ranar ƙidayar jangali. Rashin ganin sunan mutum a wata shekara ba ya nufin ya mutu. Wataƙila dai ya fi malamin wayo.

Wanda ya kai ga zuwa ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, ya tafi da sanin abu biyu, in ba haka ba ya yi asarar kuɗin mota. Na farko, a da ana kiran gunduma da sarautar hakiminta. Faskari tana ƙarƙashin sunan Kogo, Ƙanƙara Pauwa, Funtuwa Maska, Malumfashi Galadima, Bakori Makama. In ka nemi fayil da sunan ƙaramar hukumar yau, za a ce maka babu. Na biyu, Katsina ta zauna a Lardin Kano har 1926, ta koma Lardin Zariya, sai a 1934 ta zama lardi mai cin gashin kansa, don haka takardun ƙasa ɗaya sun rabu gida uku. Abin da za ka fi samu a can shi ne rahoton da Di'o ke rubutawa in ya zagaya gunduma don yanka haraji: ƙauyuka da masu riƙe da su, yawan jama'a, sana'o'i, kasuwanni, da ɗan tarihin kafuwar gari kamar yadda dattawan lokacin suka faɗa masa. Ba lalle ka ga kakanka a ciki ba, amma za ka ga ko ƙauyenku ya wanzu a lokacin, da wanda ke sarautarsa. Jerin sunayen kansa ya fi zama a ofishin hakimi da na En'e da gidajen tsofaffin malaman haraji, inda gara da ɗigar ruwa suka ci rabonsu. Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina su ma wuraren leƙawa ne. Littafin Yusufu Bala Usman na 1981 a kan tarihin Katsina kuwa zai ba ka shimfiɗar yadda ƙasashen kudu irin su Kogo da Maska da Pauwa suka kasance kafin zuwan Turawa.

Sanin wannan shimfiɗa yana hana mutum ruɗin kansa. A ƙarni na 19 hare-haren Maraɗi sun tura jama'a cikin garuruwa masu ganuwa da gindin duwatsu. Da hanya ta yi lafiya sai aka fantsama daji ana sara. Auduga ta ja mutane daga arewacin Katsina da wasu wurare zuwa ƙasar Laka ta kudu, musamman bayan jirgin ƙasa ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ga kuma gonar irin auduga ta Daudawa. Saboda haka gidaje da dama da ke ce wa kansu 'yan asalin wuri, in an bi diddigi, kakansu baƙo ne da ya zo da gatari a zamanin Dikko. Ba abin kunya ba ne, ni a ganina ma abin alfahari ne, amma ya kamata mai bincike ya shirya jin haka.

Gona ita ce shaida ta biyu. A karkara ba a saba da takardar mallaka ba. Dokar 1910 ta sa ƙasar Arewa a hannun Gwamna, ta 1962 ta bi sawunta, ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takarda a ƙauye, amma har yau yawancin gonaki shaidarsu mai unguwa ne da maƙwabtan iyaka. To su maƙwabtan nan littafi ne. Ka je gonar gado ka tambayi waye a gabas, waye a yamma, kuma ta yaya kowa ya samu tasa: gado ne, saye ne, aro ne, ko jingina ce da ba a fansa ba. In ka ga gonaki huɗu ko biyar dogaye a jere, layin gamba ya raba su, masu su kuma suna kiran juna 'yan'uwa ba tare da sanin ta ina ba, to akwai alamar gandu ɗaya ne aka yanka, kuma wanda ya sare shi kakansu ne duka. Ɗorawa ko tsamiyar da ke tsakiya takan riƙe sunan wanda ya fara zama, haka ma tsohuwar rijiya da kufai. Baturiya Polly Hill ta yi irin wannan aiki a Ɓatagarawa kusa da Katsina, ta bi gona-gona tana tambayar yadda kowace ta shigo hannun mai ita, ta fitar da littafi a 1972.

Mata fa? Littafin haraji bai san da su ba. Inda suke fitowa shi ne gaban alƙali. Ranar rabon gado dole a ambaci matan mamaci saboda tumuninsu, a jero 'ya'ya maza da mata, a faɗi wace ce uwar wane. Shari'ar gado guda ɗaya tana iya ba ka abin da rasit ashirin ba su ba ka ba. Tsofaffin littattafan da Larabci aka rubuta su, sai ka nemi malami ya karanta maka. A nan ne kuma ake cin karo da abin da wasu gidaje ba sa son ji. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba a kashe bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, kuma tsakanin nan kotuna sun yi ta rubuta sunayen waɗanda suka fanshi kansu, da iyayengijinsu, da kuɗin fansa. Wanda ya tono irin wannan ya san bakin da zai faɗa wa, don magana ce da ke iya ɓata aure har gobe.

Duk da haka, kafin kowace takarda, tsofaffi ne farko, kuma tsofaffin mata sun fi maza riƙe dangantaka. Gwaggo ba za ta ce maka 1914 ba, amma za ta ce uwarta ta ba ta labarin an haifi wane a shekarar yunwar Kakalaba, ka ga ka samu 1913 zuwa 1914. Rasuwar Dikko 1944 ce, zuwan Sarauniyar Ingila 1956, canjin hannu 1972. Ka tambaye ta irin zanen fuskar kakanku, da su wa kuke wasa da su, da garin da ake kai gaisuwar mutuwa can da, don nan ne tushen yake. Kada ka tara su wuri ɗaya, babba zai yi magana saura su ce haka ne. Ka ji kowa shi kaɗai, ka rubuta wanda ya faɗa da wanda shi ya ji daga bakinsa. In labarin baka ya saɓa da takarda, ka ajiye duka biyun, don malamin haraji ma yakan yi kuskure, yakan kuma ci hanci.

A kudancin Katsina aikin ba ya jiran a yi ritaya. Tun kafin harin Kadisau na watan Yunin 2020 da kwashe ɗaliban Ƙanƙara a Disambar shekarar, ƙauyuka da dama a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara sun watse, mutanensu suna zaman haya ko na alfarma a Funtuwa da Faskari da Katsina. Gidan da aka ƙona ya tafi da adakarsa. Gonar da ta yi damina huɗu ba a noma ba, iyakarta ta koma daji, dattijon da ya san ta kuma yana can wani gari yana fama da hawan jini. Ranar da aka koma, rigimar iyaka da ta gado za ta taso, kuma alƙali shaida zai nema. Wanda ke da waya a hannu ya ɗauki hoton duk wata tsohuwar takarda gaba da baya, har da rubutun gefen Alƙur'anin gida inda malamai kan sa ranar haihuwa, ya naɗi muryar tsohon yana faɗin maƙwabtan kowace gona ta kusurwa huɗu, ya tura wa 'yan'uwa biyu ko uku da ke garuruwa daban-daban.