Hausawan Sudan da Tukunyar Takiyya

Tun kafin Turawa su shata iyakoki, hanyar hajji ta ƙasa ce ta riƙa zuba Hausawa a Sudan, wasu su ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin, wasu guzuri ya ƙare musu su tsaya noma da niyyar damina guda, har ajali ya riske su a can. Sa'an nan da aka yi yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, sai ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar muhajirai gabas, suka kafa garin da har yau ake kira da sunansa a bakin kogin Nilul Azraƙ, kusa da Sinnar. Zuriyar waɗannan bayin Allah ce ta tsinci audugar Jazira, ita ce ta koya wa Sudan cin agashe, amma duk da haka kalmar baƙo ba ta rabu da su ba.

A watan Yuli na 2022, da Hausawan jihar Nilul Azraƙ suka nemi a ba su sarautar gargajiya, maƙwabtansu kuwa suka ga wannan hanya ce ta mallakar ƙasa, sai fitina ta tashi a wajajen Rusairis, aka kashe fiye da mutum 100. A Oktoba kuma ta sake ɓarkewa a Wad al-Mahi, aka rasa kimanin 200, dubbai suka bar gidajensu. Ba su gama share hawaye ba, ran 15 ga Afrilu 2023, yaƙi ya kaure tsakanin sojan Janar Burhan da dakarun Hamidati. Nijeriya ta aika motoci suka kwashe ɗalibanta zuwa iyakar Masar, abin kuwa ya yi kyau. Amma Bahaushen da aka binne kakan kakansa a Mai Wurno ko Gadarif, ina za a kai shi, alhali ba shi da wata ƙasa sai wannan?

To, a cikin wannan musiba ne, da hukuma ta watse, samarin unguwanni suka kafa abin da suke kira ɗakunan agajin gaggawa, suka raya takiyya, wadda asalinta wurin ciyar da almajirai da matafiya ne a zawiyoyin shehunnan ɗariƙa, watau irin ƙofar da mahajjatan ƙasar Hausa suka sha samun abinci a bakinta. Da sassafe za ka ga kwanoni da bokitai jere a ƙasa suna riƙe wa masu su layi, mata na tsince adas, samari na faskare, an ɗora tukunyar da ba ta ɗaukuwa sai da mutum biyu. Kuɗin cefane kuwa 'yan'uwa ne da ke Saudiyya da sauran ƙasashe suke turowa ta manhajar Bankak. Mai rabo yana tambayar mutum nawa ne a gidanka, ba ya tambayar ƙabilarka. A kudancin Hartum, inda unguwannin talakawa irin su Mayo suke cike da Hausawa da mutanen Darfur da na duwatsun Nuba, 'yan sa-kai ne suka tsaya tare da likitoci har asibitin Basha'ir ya ci gaba da aiki, kuma can aka kwashi masu rauni ranar da bom ya faɗa kasuwar Mayo a Satumba 2023, ya hallaka fiye da mutum 40.

Lalle wannan ihsani ya fi ƙarfin a kira shi sadaka kawai, domin mai bayarwa shi ma da yunwa ya kwana, kuma ɓangarorin biyu sun kama masu wannan aiki, an kashe wasunsu, kowane yana zargin su da ciyar da abokin gaba. Da aka katse intanet a Fabrairu 2024, kuɗi suka tsaya, murahu da yawa suka mutu. Haka kuma da Amurka ta janye tallafinta a farkon 2025. Duk da haka aka ci gaba da karo-karo, har duniya ta ankara, aka ba ɗakunan agajin lambar girma ta Rafto a ƙasar Nowe a 2025.

Sai dai ina ganin wajibi ne a faɗi cewa cin tukunya ɗaya a lokacin tsanani bai warware shari'ar ƙasa ba. Soja sun karɓe Wad Madani a Janairu 2025, Hartum kuma a Maris, jama'a sun fara komawa; manomin da aka kora daga Wad al-Mahi kuwa, kafin ya kama fartanya, yana bukatar hukumar da za ta tabbatar masa da gonarsa a rubuce, da maƙwabcin da zai yarda ya tsaya masa shaida.