Shirin Tsayawa Gaban Alƙali Bayan An Hana Kuɗin Naƙasa a Amurka

Gabatarwa

A kowace ƙasa akwai ranar da talaka zai kai buƙatarsa gaban hukuma, hukuma ta ce masa a'a. Abin da ke bambanta wani tsarin mulki da wani shi ne irin ƙofar da aka bar wa wannan talaka bayan an ce masa a'a. Wannan lacca za ta duba ƙofa guda irin wannan a Amurka, wato yadda ma'aikacin da ciwo ya raba da sana'arsa yake shirin ɗaukaka ƙara idan an hana shi kuɗin naƙasa.

Tushen Doka

A shekarar 1935 Shugaba Roosevelt ya sa hannu a kan dokar da ta kafa tsarin fansho na ƙasa, wanda hukumar da aka sani da SSA take gudanarwa a yau. A 1956 aka ƙara wa tsarin inshorar naƙasa. A wurin wannan doka, naƙasasshe shi ne wanda wata cuta ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa, wadda likita zai iya tabbatarwa, ta hana shi yin aikin da zai ciyar da shi, kuma cutar ta kai wata 12, ko ana zaton za ta kai, ko za ta zama ajalinsa. Ashe ke nan ba sunan cuta ake dubawa ba, gazawa ga aiki ake dubawa.

Wanda aka hana yana da matakai huɗu: sake duba takardunsa, sauraro gaban alƙalin hukumar, Majalisar Ɗaukaka Ƙara, sa'an nan kotun tarayya. A kowane mataki kwana 60 gare shi daga ranar da takardar hukunci ta isa hannunsa. Mataki na biyu ya fi sauran muhimmanci, domin a nan ne a karon farko mai yanke hukunci zai ji bayani daga bakin mai ƙara.

Tambayoyi Biyar

Alƙali yana bin tambayoyi biyar bi da bi. Ta farko, shin mai ƙara yana aiki har yana samun abin da ya wuce iyakar da aka yanka? A 2025 iyakar dala 1,620 ce a wata ga wanda ba makaho ba. Ta biyu, shin ciwon mai tsanani ne? Ta uku, shin ya kai mizanin cututtukan da hukuma ta jera? In ya kai, magana ta ƙare. In bai kai ba, sai ta huɗu: zai iya komawa aikin da ya yi a baya? Tun 2024 ayyukan shekara biyar da suka wuce kaɗai ake lissafawa, maimakon 15. Ta biyar, in an yi la'akari da shekarunsa da ilminsa da ƙwarewarsa, akwai wani aiki daban da zai iya? A wannan gaɓa nauyin kawo hujja yana komawa kan hukuma.

Tattara Hujja

Akan aiko da sanarwar sauraro aƙalla kwana 75 kafin ranar. Aiki na farko shi ne mai ƙara ya karanta fayil ɗinsa, ya ga dalilin da aka bayar na hana shi, ya kuma gano takardun asibitin da ba su shiga ba. Wajibi ne ya miƙa sabuwar hujja, ko ya sanar da alƙali da ita, aƙalla kwana biyar na aiki kafin zama.

Takardar likita da ta ce kurum "ba ya iya aiki" ba ta da nauyi, domin wannan hukunci na hukuma ne. Wadda ke da amfani ita ce mai faɗin awa nawa zai iya zama, minti nawa zai iya tsayuwa, nauyin me zai iya ɗauka, kwana nawa ciwo zai kwantar da shi a wata. Bugu da ƙari, ga buƙatun da aka shigar tun daga Maris 2017, ba a fifita ra'ayin likitan mai ƙara don kawai shi ke duba shi. Ana auna ko gwaje-gwaje sun goyi bayansa, da ko ya dace da sauran takardu.

Nauyin rubutu ya fito fili a shari'ar Richardson da Perales ta 1971, inda Kotun Ƙoli ta yarda cewa rahoton likitocin da suka duba mai ƙara zai iya zama hujjar hana shi, ko da ba su zo an yi musu tambayoyi ba, tunda bai nemi a kirawo su ba.

Ranar Sauraro

Ba a buɗe zaman ga jama'a, kuma babu lauyan gwamnati da ke jayayya da mai ƙara. Akan rantsar da shi, a ɗauki maganarsa, ko yana zauren, ko ta waya, ko ta bidiyo. Wanda ba ya jin Ingilishi akan ba shi tafinta kyauta.

Kurakurai biyu ke kayar da mutane: ƙari da ragi. Mai ƙari takardun asibiti za su ƙaryata shi. Mai ragi kuwa, wanda kunya ta hana shi faɗin cewa sai an taimake shi yake sa riga, ya manta cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Sau da yawa akwai masanin sana'o'i a wurin. Alƙali kan siffanta masa wani mutum mai gazawa kaza da kaza, ya tambaye shi ko akwai aikin da zai iya. Idan aka bar wata gazawa a siffantawar, amsar za ta karkace. Don haka mai ƙara ko wakilinsa yana da ikon yi wa masanin tambayoyi. Wakili kuwa, bisa yarjejeniyar da aka saba, ba a biyansa sai an yi nasara, kuma ladansa ba ya wuce kashi 25 cikin ɗari na kuɗin baya, da iyakar da aka mayar dala 9,200 a Nuwamba 2024.

Kammalawa

Hukunci yakan zo daga baya a rubuce, tare da dalilansa. Darasi ga ɗalibi da ma'aikacin gwamnati shi ne, hanin da aka rubuta dalilinsa ana iya gyara shi, kuma fayil ɗin da ke kan tebur abincin wani gida ne.