Kwamfutar Gida Ma Tana Bukatar Jinga

Duk wanda ya zauna a Guri ko wani gari na bakin Kogin Haɗejiya ya san cewa ba ranar da ruwa ya iso ake fara jinga ba. A daminar 2022 mun ga yadda mutanen Haɗejiya suka kwana suna cika buhuna da ƙasa domin su tare ambaliya, waɗanda kuwa suka kai hatsinsu kan tudu tun da wuri su ne suka sami abin ci daga baya. To, 'yan'uwa masu karatu, yau muna so mu yi magana a kan wata ambaliya wadda ba ta jiƙa tufafi, amma takan cinye aikin shekara guda cikin minti ɗaya, watau cututtukan kwamfuta.

A da, sai a ofisoshin gwamnati da bankuna ake ganin wannan na'ura. Amma tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, iyaye da yawa suka ƙuƙuta suka sayo wa 'ya'yansu ta gwanjo daga Kano. Ɗalibi yana rubuta aikinsa a ciki, malami yana ajiye makin yara, mai sayar da shinkafa ko kifi yana ajiye lissafin bashi.

Wani ɗanmu mai karatu ya yi wata uku yana rubuta aikinsa na ƙarshe. Da ya gama, sai ya kwafe shi a filashi, ya shiga mota zuwa Haɗejiya domin a buga masa a takarda a wani shago. Sa'ad da ya dawo ya sa filashin a kwamfutar gida, sai ya tarar kowace folda ta zama wata 'yar alama mai kibiya. Ya danna, ya sake dannawa, kafin dare cutar ta shiga na'urar kanta. Abokinsa ya ce a wanke filashin kawai. Allah ya sa bai yi ba, gama irin wannan cuta yawanci ɓoye fayiloli take yi, ba share su ba. Wani mai gyara ya kashe cutar, ya fito da aikin duka. Da an wanke, da wahalar wata uku ta bi ruwa.

Wannan cuta ba ƙwaya ba ce mai rai. Umarni ne wanda wani mutum ya rubuta domin ya yi ta kwafar kansa daga wata na'ura zuwa wata. Abin kuma ba sabo ba ne. A 1986 wasu 'yan'uwa biyu a birnin Lahore na Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta wadda ake kira Brain, ta kuwa bazu har Amurka a kan faifan da ake miƙawa hannu da hannu. Hanyar da ta bi ita ce filashi ke bi a ƙasarmu yau. Kwamfutar shago guda takan karɓi filashin mutane da yawa a yini, kamar randar bakin hanya wadda kowa ke tsoma moɗarsa.

Akwai kuma masu muni fiye da haka. A ranar 12 ga Mayu 2017 wata mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150. Takan kulle fayilolin mutum, sa'an nan ta nemi fansar dala 300. Asibitoci a Ingila sai da suka mayar da marasa lafiya gida. Abin baƙin ciki shi ne, kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da maganin wannan ɓaraka tun watan Maris na shekarar, waɗanda ba su sabunta na'urorinsu ba su ne aka kama.

Ga abin da muke ba kowane gida shawara ya yi.

Da fari, a ajiye kowane muhimmin aiki a wuri biyu ko uku. A sami filashi na musamman wanda ba ya zuwa shago, a kwafe aiki a ciki kowane mako, a cire shi a adana. Wanda yake da adireshin imel ya aika wa kansa kwafi. Manomi ba ya zuba irin shukarsa duka a rumbu ɗaya a cikin fadama.

Na biyu, a duba ko wace Windows ce a na'urar. Microsoft ya daina aika wa Windows 7 gyaran tsaro tun 14 ga Janairu 2020, ya kuma rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum a 14 ga Oktoba 2025. Yawancin na gwanjo da waɗannan suke zuwa. Mai saye ya tambaya ko na'urar za ta ɗauki Windows 11 kafin ya biya, mai tsohuwa kuwa kada ya yi harkar banki da ita.

Na uku, Windows 10 da 11 suna da mai gadi a cikinsu kyauta, sunansa Microsoft Defender. Amma mai gadin da bai san fuskar sababbin ɓarayi ba, barci yake yi. Mun san data tana da tsada, duk da haka a haɗa na'urar da intanet ɗin waya lokaci lokaci domin ya sabunta kansa. Kada a sa masu gadi biyu tare, gama sukan yi karo su nauyaya na'ura.

Na huɗu, filashin da ya kwana a waje a sa mai gadin ya bincike shi kafin a buɗe. In an ga folda ta zama alama mai kibiya, kada a danna. Haka nan a guji wasanni da manhajojin sata da ake zuba wa mutum a kan 'yan kuɗi kaɗan, domin sau da yawa a cikinsu ake cusa cuta. Araha ba ta ado.

Na biyar, in abin ya kai ga mai gyara, a kwafe fayiloli tukuna, a gaya masa a fili kada ya wanke na'urar sai da izini. Kada a ba shi lambar sirri ta banki ko ta imel, gyara ba ya bukatarsu.

Iyaye, kada mu ce wannan sha'anin yara ne. Ko ba mu iya danna ko maɓalli ɗaya ba, muna iya tambayar yaro a daren nan, "Ina ka ajiye kwafi na biyu na aikinka?" In ya yi shiru, to, gobe da safe a fara jinga.