Yadda Keke Ke Hawa Tuddan Kuza

Duk wanda ya bi hanyar Jos zuwa Bukuru da Barikin Ladi ya ga jajayen tuddai tsaye a bakin tafkuna. Yawancinsu aikin masu haƙar kuza ne. Tun farkon ƙarni na 20 Turawan Ingila suka kafa kamfanoni a nan, jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914 don kwasar ma'adinin, aka yi ta haƙa har kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985. Kamfanoni sun tafi, ƙasar ta zauna yadda suka bar ta. Mai son hawa keke a irin wannan wuri, sai ya fara sanin yadda aka yi ta zama haka.

Kuza tana da nauyi. Da ruwan sama ya zaizaye duwatsu a tsawon zamani, sai ta kwanta a gindin tsofaffin rafuka, ƙasa ta binne ta. Kafin a kai gare ta, sai an yaye ƙasar da ke sama an tara a gefe, tudun ke nan. Daga nan a wanke tsakuwar da ruwa, kuza ta nutse, yashi ya wuce ya bazu a fili. Ramin da aka bari kuwa damina ta cika shi ya zama tafki, irin na Rayfield. Saboda haka cikin 'yar gajeriyar tafiya taya kan taka ƙasa iri uku: jar ƙasa mai tauri wadda ruwa ya tsattsaga, yashi mai lotsawa, da gaɓar tafki mai tsaye kamar bango.

Keken da aka ƙera don irin wannan hanya a Kalifoniya ta Amurka ya samo asali, a shekarun 1970, lokacin da wasu samari suka riƙa gangarowa daga dutsen Tamalpais a kan tsofaffin kekuna masu faffaɗan taya. A 1996 har ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Abu uku ne suka raba shi da Raleigh na kakanninmu: giya, taya da birki.

A fara da giya, don ita ce ke hawa tudu. Farantin da ke jikin feda yana da haƙora, haka ma farantan baya, sarƙa ce ke haɗa su. A ce na gaba yana da haƙora 32, sarƙa kuma tana kan ƙaramin na baya mai 10. Duk zagaye ɗaya na feda, taya za ta juya sau uku da ɗan ɗori. Gudu ke nan, amma ƙafa za ta ji nauyi. In aka mayar da sarƙar kan babban faranti mai haƙora 50, zagaye ɗaya ba zai kai taya ta juya sau ɗaya ba. Tafiyar ta zama ta hawainiya, feda kuma ta yi sakayau. Giya ba ta rage aikin hawan, raba shi take ƙanana-ƙanana, kamar mai kwashe buhun masara da kwano. Ana canza ta tun kafin a shiga tudun, don in sarƙa ta riga ta ɗauki nauyi, sai ta yi ƙara ko ta tsinke. A kuma tuna Jos tana kan tsayin kusan mita 1,200, iskar da ake shaƙa ta ragu da fiye da kashi 10 cikin 100 idan aka gwada da bakin teku. Baƙo zai yi haki da wuri, ba rashin lafiya ba ne.

Mahayi kan zauna a kan sirdi yana hawa, ya ɗan sunkuya gaba. In ya miƙe tsaye, nauyi ya bar tayar baya, sai ta yi ta juyawa a banza tana watsa tsakuwa. In ya koma baya da yawa, tayar gaba ta ɗaga. Ita tayar faffaɗa ce mai ƙuraje, kuma ba a cika ta da iska tam. In ta ɗan yi laushi ta fi kama ƙasa, ta lanƙwasa a kan dutse maimakon ta yi tsalle. A cikin yashi kuwa, feda ba ta tsayawa, hannu kuma ba ya murɗa kan keke da ƙarfi.

Saukowa ta fi hawa haɗari. Da an taka birki, nauyi kan zubo gaba, shi ya sa birkin gaba ya fi ƙarfin tsayarwa, shi ne kuma ke jefa mutum ta saman keke in an damƙe shi gaba ɗaya. Gwani kan tashi daga sirdi, ya sassauta gwiwa da gwiwar hannu, ya ja birki biyun a hankali da yatsa ɗaya ɗaya. Yana rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. Ido kuma yana kan inda ake son zuwa, domin keke idon mai shi yake bi. Wanda ya ƙura wa rami ido, ramin zai nufa.

Ramuka kuwa akwai su. Masu haƙar hannu, waɗanda ake ce wa aikinsu loto, suna sauka da rijiyoyi ƙanana masu zurfi, ciyawar damina ta rufe bakinsu. Gaɓar tafki takan zabtare, ruwan kuma ba shi da wurin tsayawa a baki. Hular kwano, famfo, kayan faci da abokin tafiya duk dole ne.

A jihar Minesota ta Amurka, an buɗe hanyoyin keke a tsoffin ramukan tama na Cuyuna a 2011, aka sa musu alamun sauƙi da wahala. A ƙasar kuza ta Filato kuwa, masu lambu da ke ban ruwa daga tafkunan, su suka fi kowa sanin inda ƙasa ke riƙewa da inda take cin mutum. Kafin ka gangara sabon tudu, sauka ka yi musu sannu da aiki, ka tambaye su hanya, sannan ka taka ta da ƙafa sau ɗaya.