TSOHUWAR HANYAR MAKKA TA ƘASA

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi. A yau in mutum ya yi niyyar aikin Hajji, sai ya biya kuɗin kujera, ya shiga jirgin sama a Kano bayan ya karya kumallo, kafin la'asar ya sauka Jidda. Amma kakanninmu ba haka suka san tafiyar ba. Su da ƙafa suka riƙa takawa, daga wannan ƙauye zuwa wancan, har su dangana da bakin Bahar Maliya. Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu inda hanyar nan ta bi, da garuruwan tarihi da ke kanta, da kuma dabarar da ta sa talaka wanda bai ajiye ba, bai ba wani ajiya ba, yake iya kaiwa Ɗakin Allah.

Da farko ya kamata mu sani hanya biyu ce. Wadda ta fi tsufa ita ce ta arewa, wadda ta ratsa Hamada ta Agadas da Fezzan har zuwa Alƙahira, inda alhazai kan haɗu da babban ayarin Masar. Ta Alƙahira ne Mansa Musa, Sarkin Mali, ya bi a shekarar 1324, haka kuma Askiya Muhammadu na Songhai wajen 1496. Sarakunan Kanem da Barno ma sun shahara da zuwa Hajji, har aka gina wa ɗalibansu masauki a Alƙahira tun ƙarni na 13. Sai dai wannan hanya ta sarakuna ce da attajirai, domin ba a ratsa Hamada sai da raƙuma da guzuri mai yawa, kuma babu ƙauyen da mutum zai tsaya ya nemi abin sawa a baka.

Hanya ta biyu ita ce ta gabas, wadda ta bi ta Barno, da Wadai, da Darfur, da Kordofan, har zuwa Kogin Nilu, sannan ta kai tashar jiragen ruwa ta Sawakin. Tsawonta daga Kano ya ɗara kilomita 3,000. Ita ce ta talakawa, domin ƙasa ce irin tamu, ta gero da dawa da kuka da ƙirya, kuma akwai ƙauyuka da rijiyoyi jefi-jefi. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun karantar da cewa wanda ke da ƙarfin tafiya ƙasa, yana kuma da sana'ar da za ta ci da shi a hanya, to yana cikin masu ikon zuwa Hajji, muddin akwai aminci. Wannan ya ƙarfafa wa mutane da yawa gwiwa, suka ɗaura niyya ba tare da sun tara dukiya ba.

Maniyyaci ba ya tashi sai bayan kaka, watau sa'ad da aka gama girbi, hanya ta bushe. Zai biya bashin da ake binsa, ya bar wasiyya, ya bi dangi da maƙwabta yana neman gafara, domin babu wanda ya san ko za a sāke ganawa. Wasu kan tafi da matansu da 'ya'yansu. Kayan tafiya kuwa ba su da yawa: buta, da tabarma ko buzu, da salkar ruwa, da sanda, da Alƙur'ani cikin gafaka, sai ɗan garin gero da ƙuli-ƙuli da kilishi. Mai hali ya sami jaki, marar hali ya ɗora gammo. Ba a tafiya ɗaiɗai, sai an yi ayari, an naɗa madugu wanda ya san hanya, kamar yadda fatake suke yi. Akan yi sammako bayan sallar asuba, in rana ta take a sami inuwa a huta, da yamma a ƙara gaba kaɗan a yada zango.

Daga ƙasar Hausa sai a shiga Barno. Garin tarihi na farko da ya kamata a ambata shi ne Kukawa, wanda Shehu Laminu ya kafa a 1814 kusa da Tafkin Chadi. Daga baya ya zama gari biyu, kowanne da ganuwarsa: na gabas na Shehu da fadawansa, na yamma na talakawa da baƙi, da fili a tsakani. Rabe ya rushe shi a 1893, ya mai da hedkwatarsa Dikwa, inda ya gina ƙaƙƙarfan gida na ƙasa. Bayan zuwan Turawa, da aka kafa Yerwa, watau Maiduguri, a 1907, sai ta zama babbar matattarar maniyyata. Daga nan ake bi ta Dikwa da Ngala. Ƙasar wannan yanki baƙar laka ce da ake kira firki. Da rani takan tsattsage, da damina kuwa ko jaki ba ya iya ratsa ta. Saboda haka wanda ruwa ya tarar a nan dole ya zauna ya jira.

Gaba kaɗan sai Kusuri, inda kogin Lagone ya haɗu da Shari. A nan ne Faransawa suka kashe Rabe a watan Afrilu na 1900. Alhazai kan haye da kwalekwale zuwa garin da a da ake kira Fort Lamy, wanda aka sauya wa suna zuwa Injamena a 1973. Daga nan sai doguwar tafiya cikin ƙasar Chadi, ta Ati har zuwa Abeshe, babban birnin Wadai. A arewa da Abeshe akwai kangon Wara, tsohuwar fadar sarakunan Wadai, wadda aka ƙaurace wa a ƙarni na 19 saboda rijiyoyinta sun ƙafe. Har yanzu ana ganin ragowar ginin fadar na jan bulo. Wannan ya nuna mana cewa a wannan hanya ruwa shi ne sarki: inda rijiya take nan gari yake, nan kuma matafiyi yake kwana.

In an wuce Adre an shiga ƙasar Sudan, sai Jinena, sannan Fashir, fadar sarakunan Darfur. Sarkinsu na ƙarshe, Ali Dinar, wanda Ingilishi suka kashe a 1916, ya yi suna wajen aika ayari da kyaututtuka zuwa Makka da Madina. Tsakanin Fashir da Nuhud ne alhazai suka fi shan wuya, domin rairayi ne, ga ƙarancin rijiyoyi. Mutanen wannan yanki suna da wata hikima mai ban sha'awa. Sukan rarake cikin itacen kuka, su cika shi da ruwan sama da damina, ya zama randa mai rai, su riƙa ɗiba da rani. Suna kuma shuka kankana da yawa don ruwanta, mutane su sha, dabbobi su sha. Daga Nuhud sai Ubayyid, garin da ya shahara da kasuwar ƙaro, daga nan kuma sai bakin Nilu.

To, yaya mutum zai yi irin wannan tafiya ba kuɗi? Amsar ita ce ba a jere ake yin ta ba. In guzuri ya ƙare, ko damina ta faɗi, sai ayari ya sauka a wani ƙauye. A yawancin manyan garuruwan hanyar akwai zangon Hausawa, da sarkin zango wanda ke saukar da baƙi, ya gabatar da su ga hukuma, ya nema musu aiki. Manomi ya ari gona ko ya yi ƙodago. Malami ya buɗe makarantar allo. Wanzami ya buɗe zabirarsa, maɗinki ya ɗauki allura, wani ya yi ga-ruwa, wani ya yi yankan farce. Mata su yi ƙosai da fura da kitso. In an girbe amfani an sayar, sai a ɗaura kaya a ƙara gaba. Ta haka ne tafiyar kan ci shekara biyu, ko biyar, wani ma fiye da goma. Yaron da aka goya daga Kano yakan isa Makka da ƙafarsa, yana jin Larabci kamar Balarabe. Ke nan ba dukiyar alhaji ce ta kai shi ba, sana'ar hannunsa ce da karamcin mutanen ƙauyuka.

Kada mu ɗauka tafiyar daɗi ce. Akwai ƙishirwa, da zazzaɓi, da agana, da 'yan fashi, da masu karɓar kuɗin fito a kowace iyaka. A zamanin da ake cinikin bayi, an sha kama matafiya a sayar, har da yara ƙanana. Da yawa sun rasu a hanya, abokan tafiya suka yi musu sutura a gindin wata bishiya, suka wuce. A gida kuwa iyali sukan shekara da shekaru ba labari, sai in wani alhaji mai komowa ya zo da saƙo.

Wani abin da ya ƙara cika wannan hanya da jama'a shi ne zuwan Turawa. Da suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya zaɓi hijira zuwa gabas maimakon zama ƙarƙashinsu. Dubban mutane suka bar gonakinsu suka bi shi. Sojan Ingilishi suka bi sawunsa har Burmi, kusa da kogin Gongola, cikin Jihar Gombe ta yanzu, inda ya yi shahada ranar 27 ga Yuli, 1903, tare da jama'a masu yawa. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, ya ja ragowar mutane suka ci gaba da tafiya. Bayan 'yan shekaru suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sennar, suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno, wanda zuriyarsa ke sarauta. Garin ya zama babban masaukin alhazanmu masu zuwa da masu komowa.

A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sennar, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira. Gonakin nan suna bukatar ma'aikata, mutanenmu kuwa an san su da juriyar aiki. Saboda haka maniyyata da yawa suka tsaya tsinkar auduga don tara kuɗin jirgin ruwa. Wasu suka tara suka wuce, wasu kuwa yau da gobe, aure da haihuwa, har zama ya kama su. Wannan shi ne asalin yawancin Hausawan da ke Wad Madani, da Gadarif, da Kasala, da sauran garuruwan Sudan, waɗanda mutanen can ke haɗa su da Fulani da Barebari su kira su Fallata ko Takari. Har gasasshen naman da ake sayarwa a titunan Sudan da sunan agashe, Hausawa ne suka kai shi.

Zangon ƙarshe a Afirka shi ne Sawakin, tsohon gari a kan ɗan tsibiri, wanda aka gina gidajensa da dutsen murjani na teku. Ya fara lalacewa bayan da aka gina sabuwar tashar Bur Sudan a farkon ƙarni na 20, amma alhazai sun ci gaba da bi ta nan, inda ake tsare su a duba lafiyarsu kafin su shiga jirgi. In an haye Bahar Maliya an sauka Jidda, saura wajen kilomita 70 zuwa Makka, tafiyar kwana biyu a ƙasa. Sai mu kwatanta irin farin cikin mutumin da ya bar gida shekara bakwai, ran da ya fara ɗora idonsa a kan Ka'aba.

Sannu a hankali zamani ya rage wahalar. Jirgin ƙasa ya iso Ubayyid wajen 1912, ya kai Nyala a 1959. Manyan motoci suka fara jigila daga Maiduguri, tafiyar shekaru ta koma ta watanni. Daga shekarun 1950 jirgin sama ya fara ɗaukar alhazai daga Kano. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar alhazai a 1975, sannan aka kafa wadda muke da ita yanzu a 2006. Ga kuma fasfo da biza da katin allura, waɗanda suka sa ba a ƙetare iyaka yadda aka ga dama. Bugu da ƙari, rikicin Boko Haram da ya tashi a Barno tun 2009, da yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, sun sa garuruwa irin su Dikwa, da Jinena, da Fashir sun ga tashin hankali mai tsanani. Cikin waɗanda yaƙin Sudan ya raba da gidajensu har da jikokin alhazanmu na dā.

Ba ina cewa mu koma tafiya ƙasa ba ne, domin sauƙin da muka samu ni'ima ce, sai godiya. Abin da nake tsoro shi ne mantuwa. Tsofaffin da suka bi wannan hanya da ƙafa ko a bayan babbar mota saura ƙalilan, kuma duk wanda ya rasu ya tafi da sunayen zangon da ya kwana da labarin dangin da ya baro a gabas. Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, in mun je hutu, kowa ya nemi tsohon alhaji ko hajiya a garinsu, ya gaishe su da ladabi, ya tambaye su ta ina suka bi, wace sana'a suka yi, wa ya sauke su, ya rubuta a littafi ya kawo wa Ƙungiyar Hausa ta makaranta. Iyayenmu kuma su taimaka mana da abin da suka ji daga nasu iyayen. Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama a hanya, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya kuma ba mu ikon ziyartar Ɗakinsa, amin.