Z-600: Motar da Aka Haifa a Gida, Ba Ta Sami Ƙanne Ba

Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar Dabai ran kasuwar Zuru zai ga motoci iri iri suna wucewa, waɗansu da buhunan dawa, waɗansu da mutane har bisa kaya. In ya karanta sunayen da suke a goshinsu zai tarar dukansu baƙi ne, na Japan, da Jamus, da Faransa. Ko Fijo da iyayenmu suke ce da ita tamu, gama tun 1975 aka fara harhaɗa ta a Kaduna, a Faransa aka yanke mata cibiya. Amma akwai wata ƙaramar mota da aka yi tunaninta a ƙasar nan, aka zana ta a nan, aka kuma ƙera ta a nan. Sunanta Z-600. Mai karatu bai taɓa ganinta a hanya ba, gama samfuri kaɗai aka yi, ba a kai ga yin na sayarwa ba.

Wanda ya ƙera ta shi ne Dokta Ezekiel Izuogu, mutumin Jihar Imo, injiniyan lantarki wanda ya koyar a kwalejin fasaha ta tarayya da take kusa da Owerri. Ya kafa ma'aikatarsa a Naze, a gefen birnin. A shekarar 1997 ya fito da motar a gaban jama'a. Injinta mai silinda 4 ne, girmansa lita 1.8, tana iya gudun kilomita 140 a awa guda. Ƙafafun gaba ne suke janta, domin hakan ya rage kuɗin doguwar sandar da takan kai ƙarfin inji zuwa ƙafafun baya. Kashi 90 cikin 100 na kayanta a Nijeriya aka samo su. A maimakon hon kuwa, ƙararrawar ƙofar gida aka sa mata. Waɗansu sun yi dariyar wannan, amma duk makanikin da ya taɓa yanka tsohuwar taya ya yi roba da ita don mota ta kai fasinja gida ba zai yi dariya ba. Da abin da yake hannu akan fara.

Niyyar Izuogu ita ce a sayar da kowace ɗaya a kan kuɗin da bai wuce dala 2,000 ba, yadda malamin makaranta, ko ma'aikaciyar asibiti, ko fasto mai ikilisiyoyi uku a ƙauyuka zai iya sa rai. Gidan rediyon BBC ya ba da labarinta ga duniya. Gwamnatin Janar Sani Abacha ta naɗa kwamitin masana 12 su duba ta, suka duba, suka ce ta isa hawa hanya. Jaridu suka ba da labari cewa an yi alkawarin taimakonsa da naira miliyan 235. Kuɗin ba su kai hannunsa ba.

To, mai karatu zai ce, tun da mota ta tashi, ta yi tafiya, me ya rage? Abin da ya rage ya fi wanda aka yi yawa nesa. Maƙeri yana iya kwana uku a kan fartanya ɗaya, ya buga, ya duba, ya sāke bugawa, har ta fito yadda yake so. Haka ake yin samfurin mota, da hannu, da guduma, da haƙuri. In ƙofa ta ƙi rufuwa sai a goge ta har ta yarda. Amma motar sayarwa ba a yinta haka. Dole ƙofa ta dubu ta zama daidai da ta fari, yadda in ta lalace a Zuru za a sayo wata a Kontagora ta zauna daram. Wannan yana bukatar mazubai, wato irin abin da mai buga bulo yake zuba ƙasa a ciki don bulo ya fito kai ɗaya, sai dai waɗannan na narkakken ƙarfe ne. Yana bukatar manyan injuna masu danne faifan ƙarfe ya ɗauki siffar jikin mota a bugu guda. Yana bukatar wutar lantarki wadda ba ta ɗaukewa ana tsakiyar zubi.

Sa'an nan ga ƙarfen kansa. An ƙulla yarjejeniyar gina kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da Tarayyar Sobiyet a 1979, amma sa'ad da Z-600 ta fito, bayan shekara 18, babban tanderunsa bai narka tama ba. In aka ƙirga har da ƙananan kusoshi, mota ɗaya tana da gutsattsarin kaya wajen 30,000, ba kuwa kamfanin da yake yinsu duka shi kaɗai. Wani yana yin gilashi, wani batir, wani fitila, wani birki. A kasuwa kuma ga motocin kwatano suna ta shigowa, tsofaffi amma da araha, kayan gyaransu kuma a kowace tasha.

Mu mutanen ƙasar Zuru bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Saurayin da ya shiga golmo, kome ƙarfinsa, ba ya fuskantar gonar surukinsa shi kaɗai har shekara 7. Da 'yan ƙungiyarsa yake zuwa, yau a gonar surukin wannan, gobe a ta wancan. Izuogu ya shiga gona mai faɗin gaske, ya yi kunyar fari mai kyau, ya waiga bai ga kowa a bayansa ba.

Na sha jin masu wa'azi suna kawo misalin nan na Ubangijinmu a Luka sura 14, na mutumin da ya fara ginin hasumiya bai zauna ya yi lissafi ba, suna ɗora shi a kan duk aikin da ya tsaya a hanya. A ganina bai dace da wannan mutum ba. Ya yi lissafinsa, ya san abin da ma'aikata za ta ci, ya kuma faɗa wa waɗanda suke da ikon biya. Waɗanda suka ce su ji su gani, sa'an nan suka janye, su ne ya kamata su sāke karanta surar.

A gwada labarinsa da na wani ɗan ƙasarmu na kusa. Jelani Aliyu ya tashi a Sakkwato, ya gama karatun zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi a 1988, lokacin da mu da su duk muke Jihar Sakkwato. A 1990 jihar ta biya masa ya tafi Detroit ta Amurka koyon zanen mota, a 1994 kuma kamfanin General Motors ya ɗauke shi aiki. Shi ne ya zana jikin samfurin Chevrolet Volt, mota mai tafiya da lantarki, wadda aka nuna a 2007. Samfurin nan ma ba shi aka sayar ba. Da aka gwada shi a ɗakin gwajin iska aka ga iska tana riƙe shi, sai injiniyoyi suka sāke masa siffa. Amma akwai ɗakin gwajin, akwai injiniyoyin, akwai kuɗin sākewa, saboda haka a ƙarshen 2010 motar ta shiga kasuwa, aka yi ta ƙera ta har 2019. Ba na tsammani Allah ya ba ɗayansu basirar da ya hana ɗayan.

Izuogu bai fid da zuciya ba. A 2005 aka neme shi daga Afirka ta Kudu, ana so a kafa ma'aikatar motar a can. Ba haka ya so ba, gama burinsa matasan Imo ne su sami aikin, amma shekara 8 na jira sun ishi mutum. Ana cikin wannan magana, a watan Maris na 2006, 'yan fashi da makamai suka fasa ma'aikatar Naze. Suka kwashe mazuban jikin inji, da na sandar da take juyawa a cikinsa, da waɗansu injuna, da littafin da ya rubuta tarihin zanen motar a ciki. Waɗannan ba kayan da ɓarawo zai kai kasuwa ya sami mai saye ba ne, amma su ne aikin shekaru masu yawa, ba kuwa wanda zai iya yin mota ta biyu ba tare da su ba.

Dokta Ezekiel Izuogu ya rasu a shekarar 2020, shekara 23 bayan ranar da ya nuna motarsa.