Ƙididdigar aikin gona

Ƙididdigar aikin gona ita ce tattarawa da tsarawa da nazarin alƙaluman da suka shafi noma da kiwo da kamun kifi. Ta ƙunshi faɗin ƙasar da aka noma, yawan amfanin da aka girbe, adadin dabbobi, farashin hatsi a kasuwa, da yawan gidajen da suka dogara da gona. Da waɗannan alƙaluma ne gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji suke gane ko abincin da aka girbe zai kai jama'a zuwa wata kakar, da kuma yankin da ya fi buƙatar taki, iri ko tallafi.

Tarihi

Amurka ta fara ƙidayar gonakinta a shekarar 1840. Shirin ƙidayar aikin gona na duniya kuwa ya soma ne a 1930, a ƙarƙashin wata cibiyar noma ta ƙasa da ƙasa da ke birnin Rum. Daga 1950 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta karɓi ragamar shirin, kuma tana shawartar kowace ƙasa ta yi ƙidayar aƙalla sau ɗaya a shekara goma. Rumbun bayananta mai suna FAOSTAT yana ɗauke da alƙaluman ƙasashen duniya tun daga 1961.

Hanyoyin tattarawa

Ƙidaya ta gaba ɗaya tana bin gidajen manoma don sanin su wane ne ke noma da abin da suke nomawa. Tana da tsada, shi ya sa a tsakanin ƙidaya da ƙidaya ake zaɓen wasu gidaje su wakilci sauran. Don sanin yabanya, ma'aikaci kan auna ɗan fili a cikin gona, ya girbe abin da ke ciki, ya busar, ya ɗora a sikeli, sannan a lissafa abin da hekta guda za ta bayar. An bunƙasa wannan dabara a Indiya a shekarun 1940. A yau ana haɗawa da hotunan tauraron ɗan Adam da bayanan ruwan sama da farashin kasuwanni.

A Najeriya

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta gudanar da ƙidayar aikin gona a 2022 da tallafin Bankin Duniya da FAO, kusan shekara 30 bayan wadda aka yi a 1993 zuwa 1994. Sakamakon da aka fitar a 2024 ya nuna cewa gidaje kimanin miliyan 40.2 ne ke aikin gona, kuma jihar Kano ce kan gaba, Kaduna na biye. Ban da wannan, cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana fitar da rahoton daminar kowace shekara, wanda ke bayyana yadda amfanin gona ya yi a jihohi, da ɓarnar ambaliya, ƙwari da cututtuka.

Hasashen yunwa a Sahel

Bayan farin farkon shekarun 1970, ƙasashen Sahel sun kafa ƙungiyar CILSS a 1973, sannan cibiyarta ta AGRHYMET a Yamai a 1974. A yanzu ƙasashen yankin, har da Najeriya, suna amfani da tsarin Cadre Harmonisé, inda masana ke zama sau biyu a shekara su rarraba yankuna zuwa matakai biyar, daga wadata zuwa matsananciyar yunwa. Wannan rabo shi ke nuna inda za a fara kai agaji kafin tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba.

Matsalar abincin da ta auka wa Nijar a 2005 ta nuna cewa jimillar girbi kaɗai ba ta isa ma'auni ba. Ƙarancin ruwa da farin dango sun rage amfanin 2004, amma giɓin hatsin ƙasar bai kai kashi goma cikin ɗari na buƙatarta ba. Duk da haka farashin gero ya yi tashin gwauron zabi, dabbobi suka faɗi, talaka ya kasa sayen abin da ke kasuwa. Tamowar yara ta yi tsanani a Maraɗi da Damagaram, jihohin da suke cikin manyan masu noman ƙasar. Daga nan aka ƙara ba da muhimmanci ga farashi, kuɗin shigar iyali da lafiyar yara, ba yawan buhuna kawai ba.

Ƙalubale

Yawancin ƙananan manoma ba sa rubuta abin da suka girbe, kuma da dami, buhu, tiya da mudu suke lissafi, alhali girman waɗannan ya bambanta daga gari zuwa gari. Gona guda kan haɗa gero da dawa da wake, abin da ke wahalar da sanin filin da kowanne ya ci. Ƙirga dabbobin makiyaya ma yana da wuya saboda yawon kiwo, ga kuma tsohon tsoron jangali da ya sa mutane ke ɓoye adadin shanunsu. Rashin tsaro kan hana ma'aikata shiga wasu ƙauyuka. Idan alƙaluma suka tsufa ko suka karkace, tallafi kan tafi inda ba a fi buƙatarsa ba, kuma ƙasa na iya hana shigo da abincin da ba ta noma isasshe ba.